Yadda ake ba fayafayan garmaho lamba da fomulolin Excel ba tare da kundin ya rikice ba

A gidaje da dama na Birni da Zango, a nan Damagaram, akwai akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado, cike da fayafayan garmaho waɗanda iyaye suka sayo a Kano ko Yamai, ko kuma wani ɗan uwa ya kawo tsaraba daga Faransa. Wanda ya gaji irin wannan akwati, ya kuma ƙudura sanin abin da ke cikinsa, aikin farko da ke gabansa shi ne ya ba kowane faifai lamba, ya shigar da ita a kundi, sannan ya manna ta a jikin rigar faifan. Manhajar Excel da ƴan uwanta, wato LibreOffice Calc da Google Sheets, suna iya fitar da lambobi ɗari biyar kafin mutum ya gama kurɓar shayi. Sai dai saurin yana tafe da tarko: lambar da fomula ta haifa ba ta zama wuri guda, domin duk sanda aka taɓa jerin sai manhajar ta sake lissafa ta, alhali wadda aka manna a jikin faifai tana nan yadda take. Saboda haka hanyar da za a bi a nan ita ce a sa fomula ta haifi lambar, a duba ta, sannan a kashe fomular a bar lambar kaɗai.

Lambobin da faifan ya zo da su

Kafin a kunna kwamfuta, ya kamata a baje fayafayan a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, a raba su bisa saurin juyinsu. Masu juyi 78 a minti su ne mafiya tsufa, suna da nauyi, kuma suna fashewa kamar tangaran idan suka suɓuce. Manyan nan masu faɗin santimita 30, waɗanda ke juyi 33 da sulusi, kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da su a 1948, sannan a 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙanana masu juyi 45, waɗanda galibi ke ɗauke da waƙa guda a kowace fuska.

Kowane faifai yana da lambar da kamfanin da ya buga shi ya ba shi, ana kuma ganinta a takardar tsakiya da bayan kwali. Manyan fayafayan Syliphone na Gini suna farawa da SLP, ƙanana kuma da SYL. Na Afrodisia da aka buga a Najeriya suna farawa da DWAPS. Na Ocora, wanda ya fitar da kiɗan gargajiya na ƙasashen Afirka da yawa har da Nijar, suna farawa da OCR. Akwai kuma wata lambar da aka zana a jikin faifan kansa, a filin nan mai santsi da ke tsakanin inda allura ke ƙarewa da takardar tsakiya, kuma ba a ganinta sai an karkata faifan wajen haske. Ita ce ke ceton mutum idan gara ta cinye kwali ko ruwa ya wanke takarda. Duk da amfaninsu, waɗannan lambobi ba za su zama lambar kundinmu ba, saboda mutum yana iya mallakar kwafi biyu na faifai guda, wani faifan kuma lambarsa ta goge gaba ɗaya. Za a rubuta su a gurbinsu na daban, mu kuma mu ƙirƙiri tamu.

Harshen manhajar

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi da shagunan buga takardu na Zinder suna aiki da Faransanci, kuma wannan ya shafi fomula kai tsaye. A Excel na Faransanci sunayen fomuloli na Faransanci ne, kuma da waƙafi mai ruwa ake raba sassan fomula, alhali kwamfutar da aka sayo daga Kano, idan an bar ta a saitinta na Ingilishi, da waƙafi zalla take rabawa. Duk fomulolin da ke ƙasa na rubuta su da Faransanci. Mai aiki da Ingilishi sai ya sa ROW a madadin LIGNE, IF a madadin SI, TEXT a madadin TEXTE, COUNTA a madadin NBVAL, COUNT a madadin NB, COUNTIF a madadin NB.SI, COUNTIFS a madadin NB.SI.ENS, SUBTOTAL a madadin SOUS.TOTAL, VLOOKUP a madadin RECHERCHEV, FALSE a madadin FAUX, ya kuma mayar da kowane waƙafi mai ruwa waƙafi. Idan gurbi ya nuna #NOM? (ko #NAME? a ta Ingilishi) bayan an rubuta fomula, kusan kullum harshen ne aka saɓa. Fayil ɗin kansa ba ruwansa da wannan bambanci: wanda aka rubuta a kwamfutar Faransanci, idan aka buɗe shi a ta Ingilishi, manhajar da kanta take juya sunayen.

Shimfiɗa shafin

A buɗe sabon fayil, a sa wa shafin farko suna Kundi. Layi na 1 na kanun ginshiƙai ne kawai, kuma ga tsarin da na ga ya fi sauƙin riƙewa: A lamba, B shaida, C mawaƙi, D sunan faifai, E kamfani, F lambar kamfani, G juyi, H shekara, I yanayin faifan, J akwatin da yake ciki, K ƙarin bayani. Kowane faifai layi guda ne, daga layi na 2 zuwa ƙasa, kuma kada a bar layi fanko a tsakiya don ado, domin manhajar tana ɗaukar layin da ba komai a matsayin ƙarshen jadawali, sai ta jera na sama ta bar na ƙasa.

Ginshiƙin F yana buƙatar kulawa tun kafin a rubuta komai a cikinsa. A zaɓe shi baki ɗaya, a shiga Format de cellule, a mayar da shi Texte. Dalili shi ne Excel na da karambanin gyara abin da ba a sa ta ba. Idan lambar kamfani ita ce 0012, za ta zubar da sifiran gaba ta bar 12. Idan aka rubuta 3-12, za ta ɗauka kwanan wata ne ta mayar da shi ranar 3 ga Disamba. Idan kuma lambar ta kai tsawon alƙaluma 12, sai ta dunƙule ta da alamar E+ wadda ba mai iya karantawa. Wanda ya manta da wannan mataki yana iya fara rubutun da ƴar alamar nan ta sama da muke sakawa a kalmar sa'a, ita ma tana tilasta wa manhajar ta bar abin yadda aka rubuta shi. A ginshiƙin G kuwa a rubuta 33, 45 ko 78 kawai, a bar sulusin nan, domin ba abin da zai ƙara illa wahalar ƙirga. Ya fi kyau ma a ɗaure ginshiƙin ta hanyar Validation des données, a zaɓi Liste, a ba shi waɗannan ukun, yadda ko yaron gida aka ba aikin shigarwa ba zai rubuta wani abu daban ba.

Sai batun sunaye, wanda mu a wannan ƙasa ya fi damunmu fiye da maƙwabtanmu na kudu. Faifan da aka buga a ƙasar Faransanci zai rubuta Moussa, Chaïbou, Issoufou, na Najeriya kuma ya rubuta Musa, Sha'aibu, Yusufu, ga mutum ɗaya amma kwamfuta tana ganin mutum biyu. A zaɓi rubutu guda a tsaya a kansa a ginshiƙin C, ɗayan kuma a ajiye shi a K. Shekarar da ba a rubuta a kwali ba, sau da yawa ana samunta idan aka nemi lambar kamfani a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan fayafayai, wanda aka kafa a shekarar 2000. Idan ba a samu ba, barin gurbin fanko ya fi cika shi da kirdado.

A gama shigar da fayafayan duka, a jera su yadda ake so su kasance a ranar farko, kafin a taɓa ginshiƙin A.

Haifar da lambar

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a rubuta 1 a A2, sannan a A3 a rubuta =A2+1 a ja ƙasa. Yana aiki, amma sarƙa ce da kowace gaɓa ta rataya a kan ta samanta, kuma ranar da aka share layi guda a tsakiya, duk abin da ke ƙasansa zai koma #REF!. Ban ba da shawarar a yi amfani da shi ba.

Wadda ta fi ta ita ce wannan, a rubuta ta a A2:

=LIGNE()-1

LIGNE tana faɗin lambar layin da take zaune a kai, mu kuma muna cire 1 saboda layin kanu. Da zarar an rubuta ta, sai a kai linzami kan ɗan murabba'in da ke kusurwar ƙasa ta dama ta gurbin, a danna sau biyu ko a ja shi ƙasa har layin ƙarshe. Wanda ya sa kanun a layi na 3, saboda ya rubuta sunan gidansu a sama, sai ya cire 3.

Idan mutum yana son ya ja fomular gaba da inda ya tsaya, ta yadda lamba ba za ta fito ba sai an rubuta sunan mawaƙi, ga wadda ta dace:

=SI(C2="";"";NBVAL($C$2:C2))

Ma'anarta ita ce, idan C2 ba komai, a bar gurbin fanko, in kuwa akwai rubutu, a ƙirga gurabe nawa ne ke da rubutu daga C2 zuwa wannan layi. Sirrin yana cikin alamar dala, ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Inda aka rubuta $C$2 an kafe shi kamar turke, ba ya motsi ko an ja fomular zuwa ina, shi kuwa C2 na biyu sake yake, yana sauka tare da layi. Saboda haka a layi na 10 fomular za ta zama $C$2:C10, a layi na 200 ta zama $C$2:C200, igiyar tana ƙara tsawo amma turken yana nan. Maɓallin F4 yana saka alamar da kansa idan aka danna shi a kan adireshin gurbin yayin rubutu. Mai Excel na 2021 ko na Microsoft 365 yana da gajeriyar hanya, wato =SEQUENCE(300), wadda ke zubo 1 zuwa 300 daga gurbi guda, amma tsofaffin manhajojin da suka fi yawa a hannun mutane ba su san ta ba.

Lamba tsirara kamar 7 ba ta da kyau a jikin faifai, kuma tana iya rikicewa da wasu lambobin da ke kan kwali. Ginshiƙin B ne zai yi mata sutura. A B2 a rubuta:

=SI(A2="";"";"DMG-"&TEXTE(A2;"0000"))

Ga faifai mai lamba 7, sakamakon shi ne DMG-0007. Alamar & tana haɗa guntaye biyu na rubutu, TEXTE kuma tana cika gaban lambar da sifiri har ta kai alƙaluma huɗu. DMG ɗin na ɗauko shi ne daga Damagaram, kowa yana iya sa haruffan sunan gidansu. Sifiran suna da aiki bayan kyan gani: shaida rubutu ce, kuma idan aka jera rubutu ba tare da su ba, DMG-10 zai riga DMG-2 zuwa, domin manhajar tana duba harafi bayan harafi ne. Alƙaluma huɗu sun isa har faifai 9999, abin da ya wuce ƙarfin kowane akwatin gado.

Wasu sun fi son kowane nau'in juyi ya sami jerinsa, masu 45 daban, masu 33 daban, saboda a wuri daban ake ajiye su. Ga fomular da ke yin haka a B2:

="J"&G2&"-"&TEXTE(NB.SI($G$2:G2;G2);"000")

NB.SI tana ƙirga sau nawa juyin wannan layi ya bayyana daga sama zuwa nan, don haka faifai na farko mai 45 zai zama J45-001, na biyu J45-002, ko da masu 33 goma sun shiga tsakaninsu. Dabara ce mai daɗin gani, kuma ba laifi tunda juyin faifai ba ya canzawa har abada. Ni dai na fi son jeri guda, domin kowane jeri da aka ƙara wani lissafi ne da za a riƙa tsarewa nan gaba. Abin da ba zan yarda da shi ba sam shi ne a cusa lambar akwati ko sunan mawaƙi a cikin shaida. Akwati yana sauyawa ranar da aka sayi kanta, sunan da aka rubuta kuma ana iya gano cewa kuskure ne, kuma a duka biyun sai an ɓare takardun da aka manna. Kwalin da ke ɗauke da faifai biyu layi guda zai samu da lamba guda, a rubuta a K cewa biyu ne, a jikinsu kuma a ƙara /1 da /2 da hannu.

Kashe fomular

A kan wannan mataki na taɓa yin asarar kwana biyu. Kawuna ya ba ni akwatin mahaifinsa, na shigar da fayafayai sama da ɗari biyu, na ja LIGNE, muka zauna a zaure ni da ƙanena muka manna wa kowane lambarsa. Da yamma kawu ya leƙo, ya dubi allon kwamfutar, ya ce, "Ɗana, ba za ka tara mini na kowane mawaƙi wuri guda ba?" Na ce, "Yanzu kuwa, Kawu." Na danna Trier a kan ginshiƙin mawaƙa, sunaye suka jeru gwanin sha'awa, na adana na rufe. Sai washegari da na ciro faifan da ke ɗauke da DMG-0041 na duba kundi, na tarar lambar tana gaban sunan wani mawaƙi daban. Sunayen sun tashi sun sauya wuri, lambobin kuwa sun tsaya inda suke, 1, 2, 3, kamar ba abin da ya faru, domin LIGNE ba ta san faifai ba, layi kawai ta sani. Da na lura tun kafin in rufe, Ctrl da Z sun isa su mayar da komai, amma tunda an adana an rufe, sai da muka sake bin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Fomular NBVAL da ta NB.SI ma ba su tsira daga wannan ba, tunda su ma da abin da ke samansu suke lissafi.

Maganin bai kai minti guda ba. Bayan an tabbatar lambobin sun fito daidai, kuma kafin a manna ko takarda guda, a zaɓi ginshiƙin A daga A2 zuwa ƙarshe, a danna Ctrl da C, sannan ba tare da an motsa ba a danna linzami ta dama, a zaɓi Collage spécial, a zaɓi Valeurs, a amince. A ido ba abin da zai canza, don haka sai an gwada: a danna A5, a dubi sandar da ke saman shafin. Idan ta nuna 4, aikin ya yi; idan har yanzu tana nuna =LIGNE()-1, ba a yi ba. Google Sheets da LibreOffice Calc duk suna da wannan zaɓi na manna sakamako kaɗai. Idan an ja fomular ƙasa da faifan ƙarshe, a share ragowar layukan.

Ginshiƙin B mai DMG ana iya barinsa da fomularsa, saboda A na layinsa kawai yake kallo, kuma duk inda layin ya koma tare suke tafiya. Amma wanda ya zaɓi tsarin J45 dole ya kashe B ma ta wannan hanya.

Daga nan ana iya jera kundin ta kowace fuska, bisa mawaƙi, bisa kamfani, bisa shekara, kuma duk lokacin da aka so komawa asali sai a jera bisa A. Sharaɗi guda ne: kada a zaɓi ginshiƙi ɗaya a jera shi shi kaɗai. Idan manhajar ta yi tambaya, amsar ita ce Étendre la sélection, domin layin ya tashi gaba ɗayansa.

Sabon faifai, da wanda ya fita

Tunda A ba fomula yanzu, sabon faifai yana buƙatar a san lambar da ke biye. A buɗe shafi na biyu a cikin fayil ɗin, a ajiye irin waɗannan ƙananan lissafai a can, nesa da inda jeri da tacewa za su taɓa su. A B1 na wannan shafi a rubuta:

=MAX(Kundi!A:A)+1

Idan ta nuna 214, sai a koma Kundi, a rubuta 214 da hannu a sabon layi, a ja fomular B ƙasa. Kada a sa wannan fomula a cikin ginshiƙin A kansa, domin za ta riƙa lissafa kanta da kanta, manhajar kuma ta yi gargaɗin référence circulaire.

Faifan da ya fashe, ko aka sayar, ko aka ba da aro bai dawo ba, ba a share layinsa, kuma ba a ba wani lambarsa. A ginshiƙin I a rubuta "ya fashe" ko "an sayar", a K a sa kwanan wata. Idan aka share layin ƙarshe, MAX za ta sauko da ɗaya ta sake ba da lambar da ta riga ta fita, sai ga tsohuwar takardar da aka buga tana faɗin wani abu, sabon kundi yana faɗin wani. Rajistar kirki ta ofis ma haka ake riƙe ta, ana ja wa layi zane ne, ba a yage shafi.

Binciken kuskure

Da zarar hannu ya fara rubuta lamba, kuskure ya samu ƙofa, saboda haka a kafa masu gadi biyu. Na farko don lambar da aka maimaita: a zaɓi ginshiƙin A, a shiga Mise en forme conditionnelle, a zaɓi Valeurs en double, kuma daga ranar duk lambar da ta bayyana sau biyu za ta yi ja. Na biyu don lambar da aka tsallake, a B2 na shafi na biyu:

=MAX(Kundi!A:A)-NB(Kundi!A:A)

Idan lamba mafi girma 213 ce kuma layukan ma 213 ne, amsar sifiri ce. Duk abin da ya wuce sifiri yana nufin akwai giɓi. Dole a riƙe gadin biyu tare, domin idan an tsallake lamba guda aka kuma maimaita wata, wannan lissafi zai nuna sifiri yana ɓoye laifi biyu, kuma jan launin ne kaɗai zai tona su.

Don gano faifan da ake da kwafinsa biyu, wanda ke da amfani ga mai son musanya ko sayarwa, a L2 na Kundi a rubuta =NB.SI.ENS(E:E;E2;F:F;F2) a ja ƙasa, duk inda aka ga 2 ko fiye a je a duba. Tana aiki ne kawai idan rubutun ya zo iri ɗaya, domin SLP 10 mai tazara da SLP10 marar tazara abubuwa biyu ne a wurinta. A yanke shawara tun farko ko za a bar tazara ko ba za a bari ba.

Lambar bugawa da neman faifai

Wani lokaci ana son a tace kundin, misali masu juyi 45 kaɗai, a buga su a takarda da ƙirga 1, 2, 3 a gefe. Wannan ƙirga ba lambar faifai ba ce, saboda haka ginshiƙinta daban, kuma a nan fomula mai sauyawa ita ce ake so. A M2:

=SOUS.TOTAL(103;$C$2:C2)

Lambar 103 tana gaya mata ta ƙirga gurabe masu rubutu waɗanda ido ke gani kawai, ta tsallake waɗanda tacewa ta ɓoye. A sa mata kanu "ƙirga", kada wani ya ɗauke ta a matsayin lamba ya manna.

Don sanin inda faifai yake ba tare da an zazzage akwatuna ba, a shafi na biyu a ware B4 don rubuta lambar da ake nema, wato ta ginshiƙin A ba shaidar DMG ba, a B5 kuma a sa =RECHERCHEV(B4;Kundi!A:K;10;FAUX). Lambar 10 tana nufin ginshiƙi na goma, wato J, inda aka rubuta akwati. Idan aka sa 3 mawaƙi za ta kawo, 4 kuma sunan faifai. FAUX ɗin ƙarshe wajibi ne, domin shi ke hana ta kawo lamba makusanciya idan ba ta sami wadda aka nema ba. Idan ta nuna #N/A, babu wannan lamba a kundin.

Mannawa da adanawa

Lambar da aka kashe fomularta ita ce za ta hau jikin faifai. A rubuta shaidar a ƴar takardar mannawa, a liƙa ta a ledar waje idan akwai, ko a rubuta da fensir a kusurwar farar rigar ciki. Kada a yi rubutu da biro ko tawada a kan kwali ko takardar tsakiya, domin ba ya fita, yana kuma karya darajar faifan a wurin masu saye. A jera su a tsaye kamar littattafai, lamba tana bin lamba, ba a kwance wani kan wani ba, kuma a nisanta su da bangon da rana ke duka da rufin kwano, saboda zafin bazara na Zinder, wanda ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana lanƙwasa faifai har allura ta kasa binsa. Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, murfin akwati da zane a kai sun wadatar.

Fayil ɗin a adana shi a sigar xlsx, a riƙa danna Ctrl da S bayan kowane layi goma saboda ɗaukewar wuta, a kuma ajiye kwafi a waya ko a kile (USB), da kwanan wata a cikin sunansa. Wanda zai fitar da shi a sigar CSV don wata manhaja ya zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ za su lalace su koma alamar tambaya, ya kuma sani cewa CSV ba ya riƙe fomula ko shafi na biyu, kuma idan aka sake buɗe shi kai tsaye a Excel sifiran gaban lambobin kamfani za su zube. Daga ƙarshe a jera kundin bisa A, a buga ginshiƙan B, C, D da J a takarda, a rubuta kwanan wata da lambar ƙarshe da aka bayar a samanta, a liƙa ta a cikin murfin akwati na farko, kuma a sake bugawa duk lokacin da aka ƙara fayafayai ko aka sauya musu wurin zama.